Haɗa makirufon ƙwararru da tabilet don ɗaukar murya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawa daga masu ɗaukar tafsiri da wa'azi, da ƴan jarida, da mawaƙa, da ɗaliban da ke fita ƙauyuka hira da manoma a nan yankin Maraɗi. Galibin matsalolin da ake kawowa ba daga tabilet suke ba, ba kuma daga makirufo ba. Suna tsakani ne: abin da aka haɗa su da shi, da wutar da ke ciyar da shi.

Ina da makirufo mai haƙora uku a gindi. Zan iya sayen waya kawai in jona shi da tabilet?

Za ka samu wayar a kasuwa, amma ba za ta biya maka buƙata ba. Wannan gindi mai haƙora uku shi ake kira XLR. Haƙori na 1 na ƙasa ne, na 2 da na 3 su ke ɗaukar sautin, ɗaya a miƙe ɗaya a juye, don duk ƙarar da waya ta kwaso a hanya ta soke kanta idan ta isa. Shi ya sa wayar XLR kan yi mita 20 ko 30 ba tare da ruri ba. Amma sautin da ke fitowa daga makirufon kansa ɗan mitsitsi ne, bai kai ko kusa da bolt ɗaya ba. Sai an ƙara masa ƙarfi, sannan a mayar da shi lambobin da tabilet ke ganewa. Waya zalla ba ta yin ko ɗaya cikin biyun nan.

Ramin hedifon na tabilet an yi shi ne don ƙaramin makirufon da ke jikin igiyar kunne. Idan ka cusa masa babban makirufo ta waya zalla, ɗayan uku ne zai faru: ko muryar ta fito can ƙasa-ƙasa cikin shuuu, ko tabilet ta ƙi gane an jona wani abu ta ci gaba da ɗauka da nata makirufon, ko kuma ta ɗauka maɓallin hedifon ake dannawa, ka ga ƙara na hawa da sauka da kanta. Na ukun yana faruwa ne saboda Android na gane maɓallan hedifon ta hanyar auna tsaurin da wuta ke gamuwa da shi a layin, kuma na wasu makirufo ya yi kusa da na maɓallan.

To me ake sakawa a tsakani?

Akwatin sauti, wanda masu sitidiyo ke kira intafes ko katin sauti. Galibi ta gaba yana da ramin XLR, ta baya yana da USB. Aiki uku yake yi: ƙara wa murya ƙarfi, ba makirufo wuta idan mai buƙata ne, da mayar da sauti lambobi. Waɗanda aka fi sani su ne Focusrite Scarlett Solo da 2i2, da Behringer UMC22 da UMC202HD. Akwai kuma ƙanana na tafiya, irin Shure MVX2U da ake maƙalawa kai tsaye a gindin makirufo, da iRig Pro I/O mai aiki da batir. Na'urorin ɗaukar murya irin Zoom H5 da H6 su ma suna iya zama akwatin sauti, kuma suna da batir nasu, wanda a garinmu ba ƙaramin abu ba ne.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: akwatin ya zama mai aiki ba tare da an saka masa manhajar tuƙi ta musamman ba. A kwalin ko takardarsa za ka ga an ambaci iPad ko iOS ko Android. Tabilet ba kwamfuta ba ce da za ka ɗora mata direba, wato manhajar tuƙin nan. In ba ta gane akwatin da kanta ba, an gama magana.

Idan tabilet ɗinka tana da ramin hedifon kuma kuɗinka kaɗan ne, akwai hanya ta biyu: ƙaramin akwati irin iRig Pre ko Saramonic SmartRig, mai karɓar XLR ya fitar ta ramin hedifon. Yana aiki, amma ingancin sautin ya dogara da na'urar cikin tabilet ɗin, kuma a tabilet masu araha wannan na'urar ba ta da kyau.

Ban sayi makirufo ba tukuna. Wanne zan saya?

Ga yawancin masu aiki a Maraɗi, dainamik. Makirufo iri biyu ne aka fi amfani da su. Dainamik, irin Shure SM58, ba ya buƙatar wuta, yana jure faɗuwa da zafi da ƙura, kuma ba shi da saurin kwaso abin da ke nesa. Kondensa, irin Audio-Technica AT2020 ko Rode NT1, ya fi fitar da ƙananan bayanan murya, amma kunnensa ya yi kaifi: zai kwaso maka kabu-kabun da ya wuce kan titi, da injin niƙan maƙwabta, da zakaran bayan gida, da fankar sama. A sitidiyon da aka toshe bango da soso yana da daɗi. A ɗakin siminti mai rufin kwano wahala zai ba ka.

Shawarar da muka fi bayarwa ga mai farawa ita ce makirufo mai baki biyu, wato XLR da USB a jiki ɗaya, kamar Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x-USB ko Shure MV7. Yau ka jona shi da tabilet kai tsaye ba tare da akwati ba, gobe in ka samu miksa, wato na'urar haɗa sautuka, ka yi amfani da XLR ɗin.

A yi hattara da jabu. SM58 yana cikin makirufon da aka fi kwaikwaya a duniya, kuma kwalin jabun kan yi kama da na asali sosai. In farashin ya yi arha fiye da hankali, to ba shi ba ne.

Mene ne wannan maɓallin da aka rubuta 48V?

Wutar fantom ce, bolt 48 da akwatin ke aikawa ta cikin wayar XLR zuwa makirufo. Kondensa irin waɗanda aka ambata ba ya motsi sai da ita. Dainamik ba ya buƙatarta, kuma in wayar lafiyayya ce ba ta yi masa illa, amma a kashe ta tunda ba ta da amfani, tana kuma cin batir. Inda take ɓarna shi ne makirufo mai ribon, wato mai siririn zirin ƙarfe a ciki, musamman tsofaffi, da kuma lokacin da aka yi amfani da wayar da wani ya haɗa ba daidai ba, ko aka jona waya mai jak zuwa XLR daga wayar salula ko kwamfuta.

Tsarin kunnawa: a mayar da GAIN, wato maɓallin ƙara ƙarfin murya a jikin akwatin, ƙasa gaba ɗaya, a jona makirufo, sannan a danna 48V, a jira ƴan daƙiƙu, a fara ɗaga GAIN. Wajen cirewa a bi ta baya: a sauke GAIN, a kashe 48V, a ɗan dakata wutar ta sauka, sannan a zare. Wanda ya zare waya da fantom a kunne zai ji "ɗas" mai ƙarfi a kunnensa, kuma lasifika ba ta son wannan.

Yaya zan jona da iPad?

Duba ramin caji. iPad Pro ta koma USB-C tun 2018, iPad Air a 2020, iPad mini a 2021, ita kuma iPad ta gama-gari a 2022. In naka USB-C ne, waya ɗaya daga akwatin zuwa iPad ta isa a mafi yawan lokuta.

In kuwa tsohon rami ne, wato Lightning, sai da adaftar Apple mai suna Lightning to USB 3 Camera Adapter. A lura da sunan, domin iri biyu ne: mai rami ɗaya, da mai rami biyu wanda ake iya saka caja a gefe. Mai rami biyun ake so. Ramin Lightning wutar da yake bayarwa kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa da ka jona akwati sai saƙo ya fito cewa na'urar tana cin wuta fiye da kima. Maganinsa a saka caja ko fawa bank a rami na biyu kafin a jona akwatin. Adaftocin kasuwa marasa suna sukan yi aiki yau, gobe bayan an sabunta manhajar iPad su daina.

Android fa?

Tun Android 5.0 da ya fito a 2014 tsarin yana gane sauti ta USB, amma sai tabilet ɗin tana da abin da ake kira OTG, wato ikon ciyar da wata na'ura ta raminta. Gwaji mai sauƙi: saka adaftar OTG, ka jona filashi ko linzamin kwamfuta. In ta gani, akwai fata. A wasu tabilet sai an shiga saituna an kunna OTG da hannu, wasu ma sukan kashe shi da kansu bayan ƴan mintoci in ba a jona komai ba.

Matsalar Android ita ce kowane kamfani da nasa hali. Wata tabilet za ta ga akwatin amma manhajar ɗaukar murya da ta zo da ita ta yi biris da shi. Nan ne manhajoji irin USB Audio Recorder PRO da Audio Evolution Mobile ke da amfani, domin suna magana da akwatin kai tsaye ba tare da bi ta tsarin Android ba. Don bidiyo, Open Camera tana ba da damar zaɓar makirufon waje a cikin saitunanta.

Na jona komai, fitilar akwatin ta kama, amma ta yaya zan tabbata da babban makirufon ake ɗauka?

Wannan tambaya ta fi kowacce muhimmanci, domin mutane da yawa sun ɗauki karatun awa guda sannan suka gano da makirufon tabilet aka yi. Fara ɗauka, ka ɗan kankare ragar babban makirufon da farce, ka kalli ma'aunin sauti a manhaja. Sannan ka kankare kusa da ƙaramin ramin makirufon tabilet. Wanda ya sa ma'aunin ya yi tsalle, shi ke aiki. Daƙiƙa goma ne, a yi shi kowane lokaci.

In ba a ga akwatin ba, a bi wannan jeri. Rufe manhajar gaba ɗaya, jona akwatin, sannan a buɗe ta. Manhajoji da yawa ba sa ganin abin da aka jona bayan sun tashi. Duba ko an ba manhajar izinin amfani da makirufo. Canza wayar USB, domin da yawa daga wayoyin caji da ake sayarwa ba su da layin bayanai a ciki, wuta kaɗai suke kaiwa: fitila za ta kama, sauti ba zai wuce ba. Daga nan sai a leƙa ramin tabilet da tocila. A lokacin hunturu ƙura kan dunƙule a can ciki har kan waya ya kasa zama daidai. A kashe tabilet a fitar da ita a hankali da tsinken sakace, ba da allura ba.

Akwatin yana ɗaukewa yana dawowa, ko sautin na yankewa. Me ke jawo haka?

Yunwar wuta, kusan kullum. Ramin USB 2.0 na kwamfuta yana ba da miliamfa 500 a bolt 5, kuma akwatuna da yawa an ƙera su ne da wannan lissafi. Tabilet da yawa ba sa kai haka, balle in batirinsu ya yi ƙasa ko an kunna 48V. Alamar ita ce komai na tafiya lafiya har sai ka danna fantom ko ka ƙara ƙarar hedifon, sai fitilu su yi ƙyafta.

Magani shi ne hob, wato ƙaramin mai raba ramukan USB, amma irin wanda ke karɓar wuta daga waje. Fawa bank ya shiga hob, akwatin sauti ya shiga hob, hob ya shiga tabilet. Da haka tabilet ba ta ciyar da kowa, in hob ɗin mai wuce da caji ne ma ita ma tana samu.

Ina jin ruri "zuuu" a ƙarƙashin murya. Daga ina yake?

Cire caja daga bango ka saurara. In rurin ya ɓace, ka gano ɓarawon. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, bolt 220 ce mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawar ce kake ji idan ta samu hanyar shiga sauti. Caja mai araha, da soket marar layin ƙasa, da janareta, da inbatar sola mai arha, duka suna shigo da ita. Gidaje da yawa ba a ja musu layin ƙasa ba, shi ya sa wani lokaci in ka taɓa jikin akwatin rurin ya ragu ko ya ƙaru.

Don haka muke cewa a ɗauki murya a kan batir. A cika tabilet da fawa bank tun da wuri, lokacin ɗauka kada wani abu ya taɓa bango. Riba biyu ce: babu ruri, kuma in an ɗauke wuta a tsakiyar karatu aikinka bai tsaya ba.

In rurin bai tafi ba, duba wayar XLR. Kada ta kwanta a jere da wayar wuta. In dole su haɗu, su gitta juna. Wayar da haƙorinta ɗaya ya tsinke daga ciki tana ba da ruri da raunin murya tare. Akwai kuma wata ƙara daban, "dit-dit-dit-dirrr", wadda wayar salula ke jawowa idan tana neman layi. A sa tabilet a yanayin jirgi, a nisantar da wayoyin mutane daga makirufo da igiyoyi. Yanayin jirgi yana kuma hana kira ko saƙo katse ɗaukar.

Har ina zan murɗa GAIN?

A sa mai magana ya yi magana da ƙarfin da zai yi da gaske, ba "gwaji, gwaji" a hankali ba. Malamin da ya fara tafsiri a natse zai ɗaga murya in ya shiga jan hankali, mai jan baƙi kuma ya fi shi ƙarfi. A murɗa har ma'aunin manhaja yana kaiwa tsakanin desibel -12 da -6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a wurin da murya ta fi tashi. Sifili shi ne rufi. In aka taɓa shi sautin ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa. A Scarlett zoben da ke kewaye da maɓallin yana yin kore in lafiya, ja in ya fashe. Ganin ja ko sau ɗaya, a sauke.

Kishiyar wannan ita ce shuuu. Yawanci tana zuwa ne don makirufo ya yi nisa, aka murɗe GAIN har ƙarshe don a cike gurbin. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin murya na raguwa da desibel 6. A matso da dainamik kamar faɗin yatsu huɗu daga baki, a ɗan karkata shi gefe don iskar "f" da "b" kada ta buge shi, a sa masa hular soso. Shure SM7B kuwa, wanda ake yawan gani a bidiyoyi, mayen ƙarfi ne: yana son kusan desibel 60, abin da ƙananan akwatuna ba sa bayarwa cikin tsabta. Sai an ƙara masa ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi irin Cloudlifter ko FetHead, su kuma suna aiki ne da 48V.

Muryar tana fitowa ta kunne ɗaya kawai.

Ba lalacewa ba ce. Akwati mai rami biyu yana aika rami na 1 hagu, na 2 dama. A zaɓi mono, wato layin sauti ɗaya, a manhaja, a nuna mata rami na 1. In kuma hira ce ta mutum biyu, wannan rabuwar alheri ce: kowa da layinsa, daga baya a daidaita ƙarfinsu.

Ina jin muryata tana dawowa a makare a hedifon.

Sautin yana shiga tabilet ne ya zagayo, kuma Android ta fi iPad wannan jinkiri. A jona hedifon a jikin akwatin sauti, a kunna maɓallin DIRECT, a kashe sauraron da ke cikin manhaja. Hedifon Bluetooth ba na wannan aiki ba ne, jinkirinsa ya fi yawa, wani lokaci ma tabilet takan koma ɗauka da makirufonsa.

A masallaci ko wurin taro akwai miksa da amfilifaya. Zan iya ɗauka daga can?

Ƙwarai, kuma ya fi ajiye makirufo a gaban lasifika nesa ba kusa ba. A nemi ramin da aka rubuta REC OUT ko AUX ko LINE OUT a jikin miksa, a ja waya mai babban jak zuwa ramin LINE na akwatinka. A kashe 48V, a kashe INST, wato maɓallin kayan kiɗa irin jita, a fara da GAIN a ƙasa, domin sautin miksa ya riga ya yi ƙarfi. In akwai maɓallin PAD, mai rage ƙarfin sautin da ke shigowa, a danna. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne jona akwati da ramin da ke zuwa lasifika a bayan amfilifaya. Wutar da ke nan za ta ƙona shi nan take. A nemi izinin mai kula da kayan, a zo da wuri a gwada kafin jama'a su cika, don ba a gyaran waya a gaban malam yana karatu.

Wane irin fayil zan zaɓa, kuma wuri nawa zai ci?

WAV, 48 kHz, bit 24, mono in makirufo ɗaya ne. Minti ɗaya yana cin kusan mega 8.6, awa ɗaya kusan mega 520. In sitiriyo ne, ninki biyu, wato sama da giga 1 a awa. Mai ɗaukar tafsirin azumi na awa ɗaya da rabi kullum har kwana 30 zai buƙaci kusan giga 23 a mono, don haka a tanadi katin ajiya ko a riƙa kwashewa. Katin da aka tsara da FAT32 ba ya riƙe fayil ɗaya da ya wuce giga 4.

MP3 na rabawa ne, ba na ɗauka ba. A gama gyara a WAV, sannan a fitar da MP3. 96 ko 128 kbps ya isa murya. Wajen aika wa gidan rediyo ta WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, don ya isa yadda yake.

A iPad, manhajar GarageBand kyauta ce, amma an yi ta ne don kiɗa: sai an kashe mai ƙirga bugu, an kuma sa tsawon sashe ya zama na kai-tsaye, in ba haka ba za ta tsaya bayan ƴan daƙiƙu. Ferrite ta fi dacewa da hira da labarai.

Zafi da ƙura na iya lalata kayan?

Apple ta ce a yi amfani da iPad tsakanin digiri 0 da 35, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu muna wuce 40. Tabilet da ta yi zafi takan rage haske, ta daina caji, daga baya ta tsaya da kanta. A cire mata riga, a ajiye ta a inuwa ba kan ƙarfe ba, a rage hasken fuska, kada a haɗa mata caji da ɗaukar bidiyo a tsakar rana in da hali.

Kondensa ne ƙura ta fi cutarwa, domin fatar cikinsa tana da caji mai jawo ƙura, in damina ta zo laima ta haɗu da ita sai ka fara jin ƙaf-ƙaf. A rufe shi a jakarsa da ƴan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. Ragar SM58 kuwa ana warware ta, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a bari ta bushe sarai kafin a mayar.

Ba ni da sitidiyo. A ina zan ɗauka a cikin gida?

Ɗakin da ya fi kaya: mai katifa, da labule, da darduma, da tufafi a rataye. Tafa hannu sau ɗaya ka saurara. In ka ji wutsiyar ƙara tana bi, ɗakin yana amsa-kuwwa, a rataya bargo a bangon da ke bayan mai magana da wanda yake fuskanta. Kada a zauna a tsakiyar ɗaki ko a lungu. A kashe fanka da firji na tsawon ɗaukar, a juya bayan makirufo ga taga, tunda ta baya ne ya fi kurumta. In ruwa ya sauko a kan kwano, sai haƙuri har ya ɗauke.

Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Je da tabilet ɗinka, da manhajar a ciki, da hedifon. Ko a babbar kasuwar Maraɗi ne, ko ka yi saƙo daga Kano ko Yamai, ka yi sharaɗin mayarwa in bai yi aiki da na'urarka ba. A shagon ka jona, ka yi gwajin farce, ka kunna 48V ka ga ko fitilu za su ƙyafta, ka murɗa GAIN daga ƙasa zuwa sama kana sauraron ƙarar ƙazanta, ka girgiza kowace waya a wuyanta. Ka ɗauki minti biyar cur ka saurara, domin yankewar da yunwar wuta ke jawowa ba ta cika bayyana a daƙiƙun farko ba. Ka kuma sayi wayar XLR da adaftar OTG guda biyu-biyu, su ne ke fara mutuwa.